KIMIYYA A SAUƘAƘE: Yadda Ake Hana Wake Ɗaya Ɓata Gari



A cikin watan Fabrairu na shekarar 2014 kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp a kan kuɗi wajen dala miliyan dubu 19. Jaridun duniya suka ɗauka, kowa yana ta jinjina yawan kuɗin. Amma su masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, wani lissafi dabam ne ya ɗaure musu kai. A lokacin nan mutum miliyan 450 ne ke amfani da WhatsApp, alhali kuwa injiniyoyin kamfanin gaba ɗaya su 32 ne kacal. Watau kowane injiniya ɗaya yana riƙe da mutum wajen miliyan 14 ke nan. Kafin ƙarshen 2015 masu amfani da ita sun kai miliyan 900, injiniyoyi kuwa wajen 50. Duk wanda ya san yadda ofis mai ma'aikata ɗari yakan kasa riƙe fayilolin mutum dubu, lalle ya tambaya, shin wane irin gini ne wannan da ya ɗauki irin wannan nauyi bai rufta ba?

Tushen ginin a ƙasar Suwidin yake, a wani kamfanin wayar tarho. Amma kafin mu kai ga magani, ya kamata mai karatu ya fara ganin cutar da idonsa.

Ran 15 ga Janairu, 1990, wata na'urar haɗa kiran tarho ta kamfanin AT&T a birnin Niyu Yok na Amurka ta sami 'yar tangarɗa, sai ta kashe kanta ta sake tashi, kamar yadda aka tsara mata. Abu ne na 'yan daƙiƙoƙi. Da ta farfaɗo sai ta ci gaba da tura kira zuwa ga maƙwabtanta, su kuwa da ganin haka sun san ta dawo bakin aiki, sai kowace ta buɗe littafinta ta gyara, ta rubuta cewa wance ta dawo. To, ashe akwai wani ɗan kuskure a cikin sabuwar manhajar da aka ɗora wa na'urorin a watan Disamba. Idan saƙo na biyu ya iso cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, kafin na'ura ta gama rubuta na farko, sai rubutu ya hau kan rubutu, littafi ya dagule. Wadda littafinta ya dagule ita ma sai ta kashe kanta ta tashi, ta tura wa nata maƙwabtan, su ma su faɗi. Haka manyan na'urori 114 suka yi ta kā da juna har awa tara, kusan rabin kiran nesa da aka buga ta layin kamfanin a ranar nan bai shiga ba.

Mai karatu ya riƙe abu biyu daga wannan labari. Rubutu ya hau kan rubutu, sa'an nan faɗuwar ɗaya ta ja sauran. Waɗannan biyun su ne manyan makasan kowace babbar manhaja, ko ta banki ce, ko ta tarho, ko ta rajistar jarrabawa.

Hanyar da aka fi sabawa da ita wajen rubuta manhaja, bari mu kira ta salon umurni. Ana ba na'ura allo ne, ana ce mata rubuta 5 a nan, goge, rubuta 6, ƙara 2, koma baya ki sake. Idan manhajar ƙarama ce, mutum ɗaya ya rubuta ta, ba laifi. Amma a ɗauka babban kanti ne mai littafin bashi guda ɗaya tak, ga yaran kanti ɗari, kowa da fensirinsa da abin gogewa. Ranar da aka tarar an rubuta wa Malam Audu bashin da bai ci ba, wa za a kama? Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a sa wa littafin kwaɗo, duk mai rubutu ya kulle sai ya gama. Nan ma da sauran rina a kaba. Wannan yaro ya riƙe makullin littafin bashi yana jiran na littafin kaya, wancan kuwa ya riƙe na kaya yana jiran na bashi, su tsaya cirko-cirko har a tashi kasuwa. Ko kuwa mai riƙe da makulli ya yanke jiki ya faɗi da shi a aljihu.

Akwai kuma wata hanya, wadda za mu kira salon lissafi. Ba sabuwa ba ce. Asalinta aikin wani malamin lissafi ne, Alonzo Church, tun shekarun 1930, kafin ma a ƙera kwamfuta irin ta yau, kuma harshen Lisp da John McCarthy ya ƙago a 1958 ya ɗebi abubuwa daga gare ta. Abin sha'awa, John Backus, mutumin da ya shugabanci ƙago harshen Fortran, wanda yake ɗaya daga cikin kakannin salon umurni, shi ne da kansa ya miƙe a 1977, ranar da aka ba shi lambar yabo ta Turing, ya soki salon, ya yi kira da a koma ga na lissafi.

Dokokin wannan salo ba su da yawa. Kowane guntun aiki kamar jadawalin sau yake: 7 sau 8 dai 56 ne, yau ko gobe, ko wa ya tambaya. Abin da ka ba shi kaɗai ke yanke abin da zai ba ka, ba ya leƙa littafin wani, ba ya taɓa kayan wani a ɓoye. Sa'an nan ba a gogewa. In an ce X daidai yake da 5, shi ke nan, wanda ya zo daga baya ya ce X ya zama 6 sai na'ura ta ƙi. Wani zai ce, to in ba a canja kome, yaya za a riƙe lissafin ajiyar mutum, wadda kullum take hawa da sauka? Yadda akawun kirki yake yi mana. Ba ya kankare tsohon layi. Yakan ɗauki tsohon jimla da sabon rasit, ya fitar da sabon jimla a layi na gaba, ya ci gaba daga nan. Tun da ba a gogewa, rubutu ba shi da hanyar hawa kan rubutu, kwaɗo kuma ya rasa aikin yi.

Shekaru da yawa wannan salo ya zauna a jami'o'i, 'yan kasuwa suna yi masa kallon wasan malamai. Masu tarho ne suka fito da shi fili, su ma larura ce ta sa su.

Kamfanin Ericsson na Suwidin yana da ɗakin binciken kwamfuta a birnin Sitokholm, a ƙarƙashin Bjarne Däcker. Abin da ke gabansu a tsakiyar shekarun 1980 shi ne, na'urar haɗa kira tana ɗaukar dubban kira a lokaci guda, ba a yarda ta tsaya ba ko da dare, ba a ma yarda a kashe ta don a sabunta mata manhaja ba, domin wata kila a daidai lokacin wani yana kiran motar kashe gobara. Suka gwada harsunan kwamfuta iri-iri, ba wanda ya cika sharuɗɗan. A 1986 Joe Armstrong, wani Baturen Ingila da ya karanta kimiyyar fiziks, ya fara haɗa wani sabo, Robert Virding da Mike Williams suka shigo aka yi tare da su. Suka sa masa suna Erlang, sunan wani masanin lissafi na ƙasar Danmak, Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki a kamfanin tarho na Kofanhagan, ya fitar da lissafin yawan layukan da gari yake bukata don kada kira ya cushe.

Ga yadda suka zana ginin. Maimakon ƙaton ma'aikaci ɗaya mai yin kome da kome, sai suka raba aikin ga ƙananan ma'aikata masu ɗimbin yawa a cikin na'ura. Kowane kira da nasa ma'aikacin. Kowane ma'aikaci da ɗakinsa, da littafinsa, da akwatin wasiƙa a bakin ƙofa. Ba mai shiga ɗakin wani. In kana son abu daga maƙwabcinka sai ka jefa masa wasiƙa, abin da ke cikin wasiƙar kuwa kwafi ne, naka na asali yana wurinka. A cikin ɗaki ana bin salon lissafi: ma'aikaci ya ɗauki wasiƙa, ya haɗa da abin da ke hannunsa, ya fitar da sabon jimla, ya koma jiran ta gaba. Kuma ma'aikatan ba su da nauyi, sabon ma'aikaci bai kai kilobayit 3 na ma'ajiyar na'ura ba, saboda haka kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar miliyoyinsu. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san bambancin rumfunan zana da ke jingine da juna da shagunan da aka raba da katangar bulo. Ba wai shagon bulo ba ya kamawa ba ne, yana kamawa sarai, sai dai wutar takan tsaya a nan.

Yanzu mun iso ga abin da ya fi kome ba mutane mamaki, wanda har yau wasu injiniyoyi ba sa son ji. Armstrong da abokansa suka ce, in ma'aikaci ya gamu da abin da bai gane ba, kada ya tsaya 'yan dabaru, a bar shi ya faɗi. Ya mutu nan take, a kawo sabo fil ya maye gurbinsa. Da farko maganar kamar ta raggaye ce. An koya wa kowane ɗalibi ya yi hasashen duk wani kuskure ya tanadar masa magani. Amma wa ya isa ya hango dukan abin da zai faru a cikin manhaja mai layi miliyan? Wanda ya ci gaba da aiki da littafi dagulalle kuwa, ɓarnar da zai yi ta fi ta wanda ya ajiye fensir.

Suna da hujja mai ƙarfi. A 1985 wani masani, Jim Gray, na kamfanin Tandem a Amurka, ya bi diddigin dalilan da ke sa kwamfutoci tsayawa. Ya tarar cewa akasarin kurakuran da ke saura a cikin manhajar da ta riga ta shiga aiki, na sa'a ne: sai abu kaza ya zo daidai da abu kaza a daƙiƙa kaza suke tashi. A wani ƙidaya da ya kawo, cikin kurakurai 132, guda ɗaya ne kawai ya sake dawowa da aka maimaita aikin. Dalili kuwa a fili yake, kuskuren da ke tashi kullum an riga an kama shi tun wurin gwaji. Ka ga ke nan abin nan da kowa yake yi in wayarsa ta rikice, ya kashe ya kunna, yana da tushe a ilmi. Abin da Erlang ya ƙara shi ne, ba a kashe na'ura duka, ɗaki ɗaya kawai ake sharewa, cikin ƙiftawar ido. Kira ɗaya ya yanke, mai shi ya yi tsaki ya sake bugawa, sauran dubban masu magana ba su ma san an yi ba.

Wa ke kawo sabon ma'aikacin? Akwai wasu ma'aikata da ba su da wani aiki sai sa ido. Da zarar na ƙarƙashinsu ya faɗi, labari zai iso musu, su tā da wani. Tun wurin zanen gini ake yanke shawara: in wannan ya faɗi shi kaɗai za a tā, ko kuwa aikinsa a sarƙe yake da na 'yan'uwansa, sai an sallame su duka an sake zubi. Masu sa idon su ma suna da na gaba da su, kamar dai mai unguwa da dagaci da hakimi. A nan ne kuma aka toshe irin ramin da AT&T ya faɗa. Akan ƙayyade wa mai sa ido cewa, in yaronka ya faɗi fiye da sau kaza cikin daƙiƙa kaza, daina tā da shi, matsalar ta fi ƙarfinka, kai ma sauka ka miƙa wa na sama. Shi na sama sai ya share yanki mafi faɗi. Da haka faɗuwa take hawa tsani a hankali, tana da inda za ta tsaya, maimakon ta bazu gefe da gefe. Har ila yau na'urar tana iya riƙe tsohuwar manhaja da sabuwa a lokaci guda, ma'aikata su riƙa komawa sabuwar ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an kashe kome ba.

Ranar gwaji ta zo a 1995, da wani ƙaton aikin Ericsson mai suna AXE-N ya rushe bayan shekaru ana zuba masa kuɗi. Aka sake sabon lale da Erlang, a 1998 aka fito da na'urar AXD301, mai ɗauke da layin Erlang fiye da miliyan 1, kamfanin tarho na Ingila yana cikin manyan masu sayenta. An yi ta yayata cewa ingancinta ya kai kashi 99.9999999 bisa ɗari, watau tsayawar da ba ta kai kashi ɗaya bisa talatin na daƙiƙa ba a shekara. Ni dai ina ganin a bar wannan adadi, domin daga wani ɗan taƙaitaccen lokaci aka ɗauko shi, har wasu da suka yi aikin da hannunsu sun ce an ƙara gishiri. Ma'aunin da masu tarho suka saba nema, kashi 99.999, watau tsayawar minti biyar da 'yan kai a shekara, shi ma ai ba wasa ba ne.

Sai ga abin al'ajabi. A wannan shekara ta 1998 wani babban sashe na Ericsson ya hana a yi sababbin kaya da Erlang, wai gara a bi harsunan da sauran duniya take amfani da su. A watan Disamba aka saki harshen kyauta ga duk mai so, Armstrong da wasu abokansa suka bar kamfanin. Daga baya hanin ya bi ruwa, shi ma ya koma a 2004, bayan ya rubuta kundin digirinsa na dakta a 2003 a kan yadda ake gina abin dogaro alhali an san akwai kurakurai a ciki. Ya rasu a 2019.

Wannan kyauta ita ce Jan Koum da Brian Acton, waɗanda suka kafa WhatsApp a 2009, suka tsinta. Kowace wayar da ta haɗu da su, da nata ma'aikacin. A farkon 2012 suka ba da sanarwar cewa babbar kwamfutarsu guda ɗaya ta riƙe wayoyi fiye da miliyan 2 a lokaci guda. Kwamfutoci kaɗan, masu gadi kaɗan, kuma ba a tā da injiniya da tsakar dare don ɗaki ɗaya ya kama wuta. Sirrin mutum 32 ɗin nan ke nan, ko da yake dole a ƙara da cewa sun taƙaita abin da manhajarsu take yi ƙwarai, ba su cika ta da tarkace ba. A 2020 masu amfani da ita suka haura miliyan dubu 2.

Kada fa mai karatu ya ɗauka maganin kowace cuta aka samo. Kwafin wasiƙu yana cin lokaci da wuri. In lissafi ne mai nauyi, irin na sarrafa hoto ko murya, Erlang ba shi da sauri, sai an nemi taimakon harshen C, wanda kuwa in ya yi kuskure yana iya kā da gidan duka. Akwatin wasiƙa yana iya cika ya tumbatsa in masu aikowa sun fi mai karantawa sauri. Ko a Erlang ɗin ma an bar wata ƙofa ta allon tarayya, domin wani aikin ba ya yiwuwa sai da shi. Harshen kuma ba ya tantance irin kayan da aka zuba a kowane mazubi kafin a fara aiki, abin da ya sa WhatsApp da kansu suka ƙera abin tantancewa mai suna eqWAlizer, suka sake shi ga jama'a a 2022. Bugu da ƙari masu iya shi ba su da yawa, ko da yake harshen Elixir, wanda José Valim ɗan ƙasar Barazil ya fito da shi a 2012 a kan wannan harsashi, ya jawo samari da dama. Uwa uba, ran 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke ɗif wajen awa shida. Laifin ba na ma'aikatan cikin ɗaki ba ne, wani umurni ne da aka bayar wajen gyaran hanyoyin sadarwar kamfanin ya yanke su daga intanet. Katangar bulo ba ta hana gada karyewa a hanyar kasuwa.

Duk da haka, ina ganin akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Albashi, da ajiya, da rajistar jarrabawa, da katin shaida, duk sun koma cikin manhaja, kuma akasari kwangila ake bayarwa a gina su. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai POS, an cire kuɗi daga ajiyarsa alhali ba su isa inda aka tura su ba, ya ɗanɗani abin da ke faruwa in aiki ya katse a tsakiya ba a tanadi mai share ɗaki ba. Ranar karɓar aiki, ɗan kwangila yakan nuna yadda kome yake tafiya sumul, manya su tafa. Da ni ake shawara, da sai in ce a sa shi ya zare wayar kwamfuta ɗaya a gaban kowa ana tsakar aiki, a ga mutum nawa abin zai shafa, daƙiƙa nawa za a ɗauka kafin a farfaɗo, kuma ina kuɗin da ke kan hanya a daidai lokacin za su kwana. Ba dole ne da Erlang ya yi ginin ba, ana iya bin wannan fasali da wasu harsunan, sai dai da ƙarin wahala, tun da su ba sa hana gogewa da kansu. Kamfanin Netflix ma ya ƙera wata manhaja mai suna Chaos Monkey, wadda ba ta da aiki sai kashe kwamfutocinsa da gangan a lokutan aiki, don injiniyoyi su ga ko ginin zai jure, kuma tun 2012 ya sake ta kyauta ga duk mai son gwadawa.